Ƙeyar Darakta

A layin da ke bayan tasha akwai wani mai aski da kowa ke kira Darakta. Bai taɓa shirya fim ba, bai taɓa riƙe kyamara ba, ko jikokinsa ya ɗauka hoto da waya sai ka ga rabin goshi da silin ɗaki. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ba a taɓa kunna talabijin a gabansa wani ɗan wasa ya buɗe baki ya rufe lafiya ba. Waɗanda suka laƙaba masa sunan tsiya suka nufa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya kira mai fenti ya rubuta masa a saman ƙofar shago da jan launi.

Iliminsa na fim ga inda ya samo shi. Yana saurayi ya yi aikin shara a wani gidan silima. Ba a barinsa ya shiga sai an kusa tashi, ya rakuɓe a bakin ƙofa da tsintsiya yana jiran a watse ya kwashe guntayen sigari. Saboda haka ƙarshen fim kam ya gani har ya gaji: mai mutuwa ya mutu, masu aure su yi aure, ɗan sanda ya iso bayan an gama komai. Farkon fim kuwa ko na rantsuwa bai taɓa gani ba, kuma hakan bai taɓa damunsa ba. Tun daga lokacin ya ɗauki halin da ya tsufa da shi, wato shi ba sai ya ga abu duka ba kafin ya yanke masa hukunci. Da silimar ta mutu aka mai da ita ɗakin ajiyar siminti, kawunsa ya ja shi shago ya koya masa aski. Aski dai, a faɗi gaskiya, ya iya. Hannunsa ba nauyi, ba ya cin kunne, yaro ma sai ya yi gyangyaɗi a kujerarsa. Da a nan ya tsaya da duniya ta huta.

Shagon nasa ɗaki ɗaya ne, in ka miƙe hannuwa sai ka kusa taɓa bango da bango. Ga babban madubi da gefensa ya fara cin tsatsa, ga kujera mai juyawa da ta daina juyawa tun kafin a yaye autarsa, ga kanta ɗauke da kilifa da almakashi da kwalbar sifirit da gwangwanin hoda, da wani buroshi da ya fi masu zuwa aski sanƙo. A bayansa dogon benci. Talabijin kuwa yana maƙale can sama a bangon gefe, kusa da ƙofa. 'Yan benci su karkata wuya su kalla, shi kuma da yake kullum fuskarsa na wajen kujera, ta cikin madubi yake kallo. Shekara da shekaru a haka. Shi ya sa ya rantse ya maya cewa 'yan fim kaf bahagwai ne marasa tarbiyya, da hagu suke cin abinci, da hagu suke miƙa wa iyayensu gaisuwa. An sha ce masa ya juyo ya duba da idonsa. Ya ce shi ba ya juyawa don ɗan wasa.

To, tunda ido na kan kawunan mutane, sai kunne ya ɗauki aikin. Karin harshe shi ne fanninsa. Ba ya ma tsayawa ya ji abin da ake faɗa, yadda aka faɗa kawai yake farauta.

Masu zaman bencin na din-din-din su uku ne. Akwai Tela, maƙwabcinsa, wanda ya fi daɗewa a kan bencin nan fiye da kan kekensa. Akwai Direba, tsohon direban bas da ciwon gwiwa ya sauke daga mota. Sai Ɗan Fansho, wanda ya yi aikin gidan waya, yake zuwa da tsohuwar jarida yana fifita da ita. Bayan su kuma akwai masu zuwa da tafiya, wasu aski, wasu hira, wasu gudun aiken gida.

"Ku ji min wannan don Allah," in ji Darakta, yana nuna madubi da almakashi. "Wai shi ne manomi. Manomi! Ji yadda yake taunar magana kamar yana tsoron ta ɓata masa haƙori. Wannan ko akuya ya gani sai ya gaishe ta ya tambayi sunanta."

"Ai kuwa ya yi ƙoƙari," in ji Tela, don ya tsokane shi. "Dubi yadda ya sha ƙasa a jiki."

"Ƙasar da aka shafa masa da buroshin kwalliya? Kai Tela, ka tsaya a wajen zare. Ita kuma waccan, ji ta. Magana ta hanci kamar an cusa mata auduga. Wai daga ƙasar waje ta dawo. Ko hanyar filin jirgi ba ta sani ba, in ƙarya nake a kai ta mararraba a sake ta."

Fina-finan waje da ake ɗora wa murya ma ba su tsira ba. Ya ce mutum ɗaya ne ke yin muryar uba da ta ɗiya da ta ɓarawo, in aka matsa masa ma zai yi ta dokin. Ya ce bakin jarumi ya rufe tun ɗazu, magana na ta zuba kamar famfon da ya lalace. Mai karanta labarai, wai ya haɗiyi sanda. Mai shirin girki, wai ba ta taɓa ƙona yatsa ba. Masu kuka kuwa, ya ce duk kukan da ba majina a ciki ba kuka ba ne, wankin ido ne. Amma waɗanda ya fi jin daɗin yi wa wankin babban bargo su ne likitocin fim.

"Tun ina shara a silima magana ɗaya suke yi. Ya fito ya cire tabarau, ya girgiza kai, ya ce mun yi iya ƙoƙarinmu, saura sai addu'a. Shi ke nan karatun nasa. In haka ne likita, ni ma a ba ni farar riga."

Ga yadda tsarin bencin yake. A yi ta musu, kowa ya faɗi tasa, murya ta hau murya. Sai a yi shiru a zuba wa bayansa ido. Shi kuma ya ja lokaci, ya hure kilifa, ya karkaɗe kafaɗar wanda ke kujera da bayan yatsu, fat-fat, yadda yake yi a ƙarshen kowane aski, sannan ya ce, "Shirme ne." Ko kuma, in ya tashi da fara'a, "Ba laifi, amma da sauransa." Da ya faɗa an rufe babi. Ba mai ƙarawa.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce duk abin da Darakta ya mallaka a duniya. 'Ya'yansa sun watse, kowa na gidansa, in sun kira waya uwarsu suke nema. A gida ba mai tambayarsa ra'ayi ko a kan launin labule. Matarsa in za ta kalli shirinta sai ta tura ƙofa ta rage murya, don ta ce ba ta biya kuɗin wuta don ta ji sharhi ba. Amma a shago, a kan bencin nan, in ya ce shirme ne to shirme ne. Ka raba shi da wannan, saura tsoho da kilifa.

Akwai kuma wani abu da duk layin ya sani, shi kaɗai bai sani ba. Darakta ba ya yarda wani ya taɓa masa kai. Ya ce duk garin ba wanda ya isa. Da kansa yake yi. Gaba da gefe yana gani a madubi, tas suke fita. Baya kuwa lalube yake yi, ya kai kilifa ƙeya ya yi ta shara a makance. Abin da ke fitowa sai wanda ya gani: nan tudu, nan kwari, can wani tsibirin furfura da kilifa bai taɓa ziyarta ba, layin wuya ya taso daga kunne ɗaya ya gangara kamar hanyar ruwa, ga kuma ninkin tozo a ƙasa yana riƙe da komai. Matarsa ta taɓa yi masa magana tun suna da ƙuruciya.

"Malam, bari in daidaita maka bayan nan."

"Ke da wa? Hannuna yana da ido."

"To Allah ya ƙara masa gani," ta ce, ba ta sake tayar da zancen ba.

'Yan benci kuwa, da yake bayansa suke zaune kullum, sun fi sanin ƙeyar nan fiye da fuskarsa. Direba ya taɓa cewa ko a duhu aka nuna masa ita zai gaishe ta. Amma wa zai faɗa wa mai aski, reza na hannunsa?

Ana nan sai wani matashi ya buɗe shagon aski a tsallaken titi, da kujerun kushin da fanka mai feshin ruwa da talabijin mai faɗin ƙofa. Samari suka fara zamewa. Darakta ya ce su je, daman kunnensu bai nuna ba. Sai ga shi wata rana ya hango Ɗan Fansho ta madubi, ya naɗe jaridarsa, ya duba hagu da dama, ya tsallaka. Wannan ta taɓa shi. Ranar ya ƙara wa sharhi gishiri, ya zagi wani jarumi tun daga lafazi har takalmi. Ya gama yana jiran shirun da ya saba, sai Tela ya yi hamma.

"Wai ni Darakta, kai da kake ta faɗa shekara da shekaru, ka taɓa yi ne?"

"Yin me?"

"Fim ɗin. Ko sau ɗaya. Ko wucewa ta bayan jarumi da buhu a ka."

Direba ya yi dariya ya mai da ita tari. Darakta ya ce mai gyaran mota ba sai ya zama mota ba. Amma maganar ta bi shi gida, ta kwana da shi, ta tashi da shi.

Ba a daɗe ba wani baƙo ya shigo aski, mutum mai shiru, da 'yar jaka a kafaɗa. Ranar Asabar ce da yamma, lokacin wani shiri mai dogon zango da duk unguwar ke bi, na wani attajirin saurayi da mahaifiyarsa ke ta ciwo ba ta warkewa ba ta mutuwa. Darakta ya samu sabon kunne, sai ya baje kolinsa. Ya ce jarumin yana magana kamar kaza ta shaƙe. Ya ce wanda ya zaɓo 'yan wasan nan ko dai kurma ne ko kuwa duk 'yan gidansu ne. Baƙo ya bari har aka karkaɗe masa kafaɗa, ya miƙe, ya biya.

"Baba, ni ne kurman," ya ce. "Ni nake zaɓo su."

 Darakta ya hau goge kilifar da ya riga ya goge.

"Ba komai," in ji baƙon. "Muna neman dattijo mai furfura da zai fito a babban likita. Magana biyu ce. Tunda ka san yadda ake yi, zo ka nuna mana."

Ko mugunta ce ta sa shi, ko kuwa da gaske tsoho ya yi masa wuyar samu, Allah kaɗai ya sani. Darakta dai ya dubi Tela, ya ce zai duba ko yana da lokaci. Kafin mutumin ya kai bakin titi Darakta ya aika an tsayar da shi an karɓi kwatance.

Maganar da aka ba shi kuwa ita ce dai wadda ya shekara yana yi wa dariya: ka kwantar da hankalinka, mun yi iya ƙoƙarinmu, saura sai addu'a. Ya ce ai nan ne gwaninta take, a ɗauki tsohuwar magana a busa mata rai. Ya yi ta maimaitawa a gida, a banɗaki, a kan tabarmar cin abinci.

"Malam, in ka je ka faɗe ta yadda kake ce min babu kuɗin cefane," in ji matarsa. "Nan ne na san kana da gaske."

"Ke me kika sani a fim?"

"Ba abin da na sani. Ni kallo kawai nake yi, daga farko."

Ana gobe za a ɗauka ya yi wa kansa sabon aski, gaba da ido, baya da lalube.

Wurin ɗaukar wani gidan haya ne, ɗaki ɗaya aka rataya wa koren labule aka ce asibiti. Wayoyi ko'ina a ƙasa, zafi kamar gidan burodi, samari na ta kai da kawo ba mai kallon kowa. Sai ga jarumin nan da ya ce kaza ta shaƙe, ya taho ya rusuna ya ce, "Baba, sannu da zuwa, an sha hanya," da murya irin ta kowa, ba hanci ba komai. Nan take Darakta ya narke. Ya riƙe masa hannu ya ce shi fa tun fitowarsa ta farko ya san yaron nan zai yi nisa.

Aka sa masa farar riga da tabarau marar gilashi, aka tsayar da shi yana fuskantar jarumi. Can bayan jarumin, daga gefe, akwai wata ƙatuwar na'ura a kan ƙafafu uku, mai faɗin baki, tana haska shi har ido na ruwa. Darakta ya ce a ransa, ga ta nan. Bai tambayi kowa ba, mutum irinsa ba ya tambaya. Ita ya gyara wa gira, ita ya karkata wa haɓa, ita ya girgiza wa kai cikin alhini. Fitila ce. Kyamarar wata 'yar ƙarama ce da wani saurayi ya ɗora a kafaɗa, ya tsaya dab da bayan kunnensa, har Darakta ya ce masa ya ɗan matsa kada ya shiga hoto.

Da aka ce a fara, sai ya ji maganar yau da kullum ta yi masa arha a baki. Babban likita guda ai ba zai yi magana kamar mai aski ba. Sai ya ɗan ɗaga ta, ya ɗan murɗa ta, ya tura rabinta ta hanci don ta yi ƙamshin karatu. A kunnensa ta fito da kauri da kwarjini kamar ganga.

"Baba," in ji ainihin daraktan, wani siririn mutum da ya gaji tun safe, "faɗe ta kawai yadda kake magana a shago."

Darakta ya yi murmushin tausayi, ya sake yi, ya ƙara murɗawa. Aka sake, aka sake. Can mutumin ya dubi agogo ya dubi na kusa da shi ya ce, "Ya isa haka, mu tafi na gaba." Darakta ya fassara wannan da cewa an rasa abin gyara.

Ya dawo layi kamar wanda ya ci yaƙi. Ya ce kyamara ba ta bar fuskarsa ba ko na ƙiftawa. Ya ce jarumin har hawayen gaske ya yi, da majina. Ya ce sun roƙe shi ya zauna ya koya wa yaran lafazi, ya ce yana da shago. Benci ya cika maƙil. Ɗan Fansho ya dawo da jaridarsa kamar bai taɓa tsallaka titi ba. Duk Asabar da yamma har tsaye ake yi a bakin ƙofa.

Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, mahaifiyar attajiri na nan kwance, ba Darakta ba labarinsa. Tela ya fara tambaya ko an yanke shi ne. Darakta ya ce su ba su san fim ba, shi da ya ga ƙarshen fina-finai fiye da kowa ya sani, manya sai ƙarshe ake fito da su. Ya sa wa ransa haka har ya daina zuba ido, ya koma sana'arsa ta zagi.

Ranar da abin zai faru Tela ne a kujera, an ɗaura masa ƙyalle a wuya. Benci cike. Matar Darakta ta kawo masa abinci a kula, da yake ya fita bai ci ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran a ba ta hanya. Kilifa na ta ƙugi, ba a jin abin da ake faɗa a talabijin. Darakta ya ɗaga ido ya dubi madubi. Fuskar jarumi ce a gefe guda, cikin damuwa. Ɗaya gefen kuwa, kusan rabin allon, wata ƙeya ce ta tokare.

Direba ne ya fara ganewa. Bakinsa ya buɗe, ya dafa gwiwar Ɗan Fansho. Kafin ka ce me, duk bencin ya gane, yadda ake gane maƙwabci a kasuwa. Idanu suka tashi daga talabijin zuwa bayan Darakta, suka koma talabijin. Ga tudun, ga kwarin, ga tsibirin furfura.

Darakta ya kashe kilifa don a ji shi da kyau.

"Innalillahi! Jama'a ku ga wata masifa. Wane maƙiyin Allah ne ya yi wa bawan nan aski? Wannan aski ne ko gobara? Ɓera ma in ya ci kai yana bin layi. Wallahi wanda ya yi wannan a ƙwace masa reza a ba shi tsintsiya, kuma a sa masa ido ko a sharar."

 Tela, da yake ta madubi yake gani shi ma, ya runtse ido yana rawar kafaɗa a ƙarƙashin ƙyalle.

Sai ƙeyar ta yi magana. Wata siririyar murya ce ta fito, a matse, ta hanci, tana lanƙwasa kowace kalma kamar ana murɗa wa kyanwa wutsiya. Ka kwantar da hankalinka.

"Ahaf! Na san za a rina. Ji wani kuma!" Darakta ya toshe hanci da yatsu biyu ya kwaikwaya, kuma ya kwaikwaya daidai, har ba ka bambance wa. "Tsoho da furfurarsa yana murɗa harshe kamar budurwar da ta yi mako guda a birni. Wannan in ya shigo duba ni, ciwon ma tashi zai yi ya gudu don kunya. Daga wane ƙauye aka kwaso shi aka ce ya yi mana turanci da hanci?"

Mun yi iya ƙoƙarinmu, in ji ƙeyar, saura sai addu'a.

"Kun ji ko? Ba na faɗa muku ba? Magana ɗaya ce da su. Ni ma ita suka ba ni. Amma ku bari tawa ta zo ku ji yadda ake faɗinta."

A nan Direba ya cusa hularsa a baki. Wani saurayi a bakin ƙofa ya fita da gudu, aka ji shi ya fashe a waje.

A allo, hannun likita ya taso ya dafa kafaɗar jarumi.

"Ga shi kuma bahago," in ji Darakta. "Kullum ina faɗ..."

Hannun bai tsaya a dafawa ba. Ya karkaɗe kafaɗar jarumin da bayan yatsu, fat-fat, kamar mai kakkaɓe gashi. A ƙaramin yatsa akwai zoben azurfa da ya lotsa a gefe. Darakta ya sauke ido. Nasa hannun na kan kafaɗar Tela, zoben na nan inda yake tun ranar da kawunsa ya ba shi.

Ya juyo. A iya sanin 'yan benci, ranar ce ya fara juyowa don ɗan wasa. Amma an riga an wuce, ana tallan sabulu.

Ya dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Idonsa ya tsaya a kan matarsa.

"Kai ne, Malam," ta ce. Ta ajiye kular a kan kanta, ta matsar da gwangwanin hoda. "Ƙeyarka ce, muryarka ce. Ni da nake bayanta tun ina amarya ai ba zan ɓata ba. Ka ci tun da zafi."

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, ƙullewar ciki ce. Ɗan Fansho ya zame daga benci. Tela ya tashi da rabin aski da ƙyalle a wuya ya fita yana dafa bango. Har mai askin tsallake ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi.

Darakta ya yi ƙoƙari, ba a ce bai yi ba. Ya ce na'urarsu ce ta matse masa murya. Ya ce hassada ce ta sa suka ɓoye fuskar, don kada ta danne ta jarumi. Ya ce akwai wata kyamarar, babbar, hotonta na nan tafe a ƙarshe. Ashe ranar ce shirin ya ƙare gaba ɗaya, mahaifiyar attajiri ta tashi garau, ba a sake ganin likita ba ta gaba ko ta baya.

Washegari da sassafe, kafin ya fita, ya ɗauko kujera 'yar tsugunne ya ajiye a tsakar gida, ya miƙa wa matarsa kilifa ba tare da ya dube ta ba.

"Ba wai don wani abu ba. Kafaɗata ce ke ciwo."

"Allah ya sawwaƙe," ta ce. "Sunkuya."

Ya sunkuya. Ta daidaita masa tas, layin wuya kamar an ja da zare. Sai dai an makara. Wadda aka nuna an riga an nuna, yara sun ɗauka a waya, tana yawo daga hannu zuwa hannu.

Benci kam bai rasa mutane ba, har ya fi da. Daga wasu unguwanni ake zuwa, a zauna a bayansa a yi ta leƙe, wasu ma su ji haushi da suka tarar an gyara. Asabar ta gaba aka fara sabon shiri, aka fito da wani jarumi da lafazinsa ko kurma sai ya yi tsaki. Aka yi musu, murya ta hau murya, sannan aka yi shiru irin na da. Darakta ya hure kilifa, ya ja numfashi, ya buɗe baki.

Direba ya miƙa hannu a hankali ya karkaɗe kafaɗar Ɗan Fansho, fat-fat. Wani daga ƙarshen benci ya toshe hanci ya ce, "Ka kwantar da hankalinka."

Darakta ya rufe bakinsa. Ya danna kan wanda ke kujera gaba fiye da yadda ake buƙata, ya kunna kilifa.

"Shirme ne," in ji Tela, ya miƙe ƙafa ya gyara zama. Ba wanda ya ƙara.